Sandar Gano Bam Ta Bogi Da Ire-irenta: Wa Ya Gwada, Kuma Ta Yaya?

A daren 3 ga watan Yulin 2016, ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Salla, unguwar Karrada da ke birnin Bagadaza ta cika maƙil. An sha ruwa, iyaye sun fito da yara sayen kayan Salla, shaguna a buɗe har tsakar dare. Jim kaɗan bayan sha biyu, wata babbar mota shaƙe da bam ta tarwatse a gaban manyan kantuna, gobarar da ta biyo baya kuma ta rutsa da jama'a a cikin benaye. Fiye da mutum 300 suka rasu. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Ministan cikin gida na lokacin, Muhammad al-Gabban, ya ce motar daga lardin Diyala ta taso, wato sai da ta ratsa shingayen bincike kafin ta kai tsakiyar gari. Ya miƙa takardar murabus bayan kwana biyu. A irin waɗannan shingaye kuwa, abin da 'yan sanda suka saba riƙewa shi ne wata 'yar na'ura mai eriya da ake kira ADE 651, wadda aka ce tana shanshano bam daga nesa. Sai bayan wannan asara Firaminista Haidar al-Abadi ya ba da umarnin a janye ta daga ko'ina. A lokacin, mutumin da ya sayar wa Iraƙi da ita ya riga ya shekara uku a gidan yari a Birtaniya bisa laifin damfara.

Mun ɗauko wannan labari ne saboda dalilai biyu. Na farko, lokacin da aka yanke wa mutumin hukunci, an ambaci Nijar a jerin ƙasashen da suka sayi na'urar, tare da Iraƙi da Jojiya da Saudiyya. Na biyu, sandar ba ta mutu ba. Ta canza suna ta shiga filayen jiragen sama, ta sake canza riga ta shiga harkar lafiya, kuma danginta suna yawo yau a garuruwanmu, wasu a cikin jakar 'yan talla, wasu a cikin wayoyinmu.

Me ke cikin na'urar?

Mai kamfanin, James McCormick, ɗan Birtaniya ne, sunan kamfanin kuma ATSC. Na'urar maruƙin roba ne da aka maƙala wa eriya irin ta rediyo, wadda ke juyawa dama da hagu a sake. Babu batir a cikinta. An ce lantarkin jikin mai riƙe da ita ne ke ba ta ƙarfi, shi ya sa ake koya wa jami'i ya ɗan yi tattaki kafin ya fara aiki. Akwai kuma wasu katuna da ake zurawa a wata 'yar jaka: wannan na bam ne, wancan na miyagun ƙwayoyi, wani na hauren giwa, wani na takardun kuɗi. Takardun talla sun ce tana gano abu daga nisan kilomita guda, ta bayan bango, a ƙarƙashin ƙasa ko ruwa, har ma daga cikin jirgin sama.

A watan Janairun 2010, 'yan jaridar shirin Newsnight na BBC suka kai ɗaya daga cikin katunan wa wani masanin kwamfuta a Jami'ar Kambirij, Dakta Markus Kuhn. Da ya ɓare katin, bai sami komai ba sai 'yar takardar nan da manyan kantuna ke liƙa wa kaya don kada a sace, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A wannan watan gwamnatin Birtaniya ta hana fitar da na'urar zuwa Iraƙi da Afganistan.

A kotu aka ji sauran labarin. Asalin na'urar wani abin wasa ne da ake sayarwa a Amurka don neman ƙwallon golf da ta ɓata a ciyawa, kuɗinsa bai kai dala 20 ba. McCormick ya riƙa sayar da guda ɗaya har dala 40,000. An ƙiyasta ya sayar da fiye da 7,000, ya tara kimanin fam miliyan 50. Kotun Old Bailey ta Landan ta same shi da laifi a watan Afrilun 2013, kuma ranar 2 ga Mayu aka ɗaure shi shekara 10.

To me ya sa eriyar take juyawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin dubban jami'an da suka riƙe sandar ba duka ne maƙaryata ba. Da idonsu suke ganin ta juya ta nuna mota. Bayanin kuwa tsoho ne. Tun a 1852 wani likita ɗan Ingila, William Carpenter, ya bayyana cewa tsokar jikin mutum tana yin ɗan motsi kaɗan bisa abin da zuciyarsa ke tsammani, ba tare da shi ya sani ba. Idan eriya tana zaune a sake a kan maruƙi, karkacewar hannu da ido ba ya iya gani ta isa ta juya ta. Jami'i ya ga motar da bai yarda da ita ba, hannunsa ya ɗan karkata, eriya ta nuna motar, shi kuma ya rantse cewa na'ura ce ta gano.

Hanyar raba gardama ba ta da tsada. A ɓoye abin a ɗaya daga cikin akwatuna, kada mai riƙe da sandar ya san wanne ne, kada ma wanda ke tsaye kusa da shi ya sani, sannan a maimaita sau da yawa a ƙirga. Haka gwamnatin Tailan ta yi a watan Fabrairun 2010 da ƙanwar wannan na'ura mai suna GT200, wadda wani ɗan Birtaniyar, Gary Bolton, ya sayar musu. Akwati huɗu aka ajiye, aka gwada sau 20, na'urar ta dace sau 4 kacal. Yaron da aka rufe wa ido aka ce ya nuna akwati da ka, ana sa ran ya dace sau 5. Firaminista Abhisit Vejjajiva da kansa ya sanar da sakamakon, amma shugaban sojojin ƙasar ya ci gaba da kare na'urar. Kafin wannan gwaji, an kama mutane da dama a kudancin Tailan, yankin da Musulmi suka fi yawa, saboda kawai eriya ta nuna su. Bolton ma ya sha ɗaurin shekara 7 a 2013.

Kowa na iya yin wannan gwaji a rana ɗaya da akwatuna huɗu. Duk da haka sandar ta yi shekaru a hannun jami'ai, kuma dalilan da suka raya ta su ne ya kamata ɗalibai su riƙe.

Akwai cin hanci. Abin da aka saya dala 20 aka sayar dala 40,000 ya bar ribar da za ta ishi kowane mai sa hannu a kwangila. An kama Janar Jihad al-Jabiri, shugaban sashen kwance bama-bamai na ma'aikatar cikin gidan Iraƙi, a 2011, aka kuma ɗaure shi kan wannan ciniki. Akwai kunya: babban da ya kashe miliyoyin daloli na jama'a, da wuya ya tashi ya ce an yi masa wayo. Akwai uzurin da ba ya ƙarewa. In eriya ta nuna motar da ba komai a ciki, sai a ce turaren direba ne ko cikon haƙorinsa. In bam ya wuce, sai a ce jami'in ne ya gaji ko bai sami horo sosai ba. Na'urar da duk kuskurenta laifin wani ne, babu ranar da za a kama ta. Sannan akwai halin ɗan Adam: ranar da aka dace aka kama bindiga kowa zai riƙe ta, kwana ɗari da aka tare bayin Allah a banza kuwa ba mai lissafa su.

Wasu sun ce ko ba komai tana tsorata miyagu. Ranar 25 ga Oktoban 2009 motoci biyu suka ratsa tsakiyar Bagadaza suka tashi a ma'aikatar shari'a da ofishin majalisar lardi, mutum 155 suka mutu, alhali shingayen birnin cike suke da wannan sanda. Masu kai hari sun san ba ta aiki. Jami'in da ya dogara da ita ne kaɗai bai sani ba, shi ya sa ya daina buɗe but, ya daina leƙa ƙarƙashin mota, aka kuma daina neman karnukan da aka horar, waɗanda su da gaske suke shanshano bam. Shingen da ba shi da na'ura ya san dole ya yi bincike da hannu. Wanda ke da ta bogi yana ɗaga wa mota hannu da kwanciyar hankali.

A filin jirgin sama

Ranar 8 ga Yunin 2014 da dare, 'yan bindiga goma suka afka wa filin jirgin sama na Jinnah da ke Karaci a Pakistan. Mutum 36 suka mutu har da maharan. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna cewa jami'an tsaron filin suna amfani da irin wannan sanda a hanyoyin shiga, shekara guda bayan ɗaure McCormick, har ma an ƙera samfurinta na gida mai suna Khoji.

Kada a ɗauka matsalar ta ƙasashe matalauta ce kaɗai. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka ta taɓa sayen injuna fiye da 200 masu hura wa fasinja iska don gano ƙurar bam, a kan kimanin dala miliyan 30. Ƙura da laima suka riƙa lalata su, aka yi watsi da su. A 2015 masu binciken gwamnatin ƙasar suka yi shigar burtu a matsayin fasinjoji, ɗauke da makamai da bama-baman gwaji. Cikin yunƙuri 70, sun wuce sau 67 ba a kama su ba, har aka sauya wa muƙaddashin shugaban hukumar wurin aiki. Injunan nan na gaske ne, ba irin na McCormick ba, amma ko na gaske ba ya aiki in mai kula da shi ya yi sakaci. Abin da ya bambanta wannan da labarin Iraƙi shi ne su suka tura a gwada su, suka kuma ga aibinsu kafin maƙiyi ya nuna musu.

Akwai kuma darasin Disambar 2009, wanda yankinmu bai manta ba. Umar Faruk Abdulmutallab ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa, ya ratsa binciken filayen jirage ba a gano ba. Makonni kafin nan mahaifinsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai ƙorafin halin da ɗansa ya shiga. Bayani mafi daraja a lamarin gaba ɗaya daga bakin uba ya fito, kyauta, kuma ba a yi aiki da shi yadda ya kamata ba. Abin da ya biyo baya shi ne odar sababbin injuna masu tsada. Sayen inji yana da sauƙin nunawa a talabijin fiye da gyaran yadda ofisoshi ke sauraron mutane.

Sandar ta shiga asibiti

A watan Fabrairun 2014 rundunar sojan Masar ta kira taro, shugaban riƙo Adli Mansur da ministan tsaro na lokacin Abdulfatah al-Sisi suna zaune, ta sanar da na'urori biyu. Ɗaya, C-FAST, maruƙi ne da eriya, an ce tana gano ciwon hanta nau'in C daga nesa ba tare da ɗibar jini ba. Duk wanda ya san sandar Bagadaza ya gane ta nan take. Ɗayar kuma an ce tana warkar da ciwon hantar da kuma ƙanjamau. Manjo Janar Ibrahim Abdul-Ati, wanda ya gabatar da ita, ya ce yana cire ƙwayar cutar ne ya mayar wa majinyaci ita a matsayin abinci kamar tsiren nama. An yi alƙawarin fara jinya ranar 30 ga Yunin 2014. Ana dab da ranar aka ɗaga da wata shida, daga nan aka ji shiru. Masanin da ke ba shugaban ƙasa shawara kan kimiyya, Isam Hajji, ya kira abin da abin kunya, aka yi masa ca.

Dalilin da ya sa mutane suka rungumi labarin ba ɓoyayye ba ne. Masar ce ta fi kowace ƙasa yawan kason jama'a masu wannan ciwo a lokacin, kusan mutum ɗaya cikin goma na manya, sanadiyyar allurar tsargiya da aka yi wa jama'a shekaru da dama da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba. Wanda ke da mara lafiya a gida ba ya son jin mai cewa a dakata.

Amma ga yadda aka ƙare. A Disambar 2013 aka amince da wani magani mai suna sofosbuvir bayan an gwada shi a kan majinyata a ƙasashe daban-daban, aka buga sakamakon kowa ya gani. A Amurka kuɗin jinyar mako 12 dala 84,000 ne. Masar ta yi ciniki ta same shi a kan kimanin dala 900, daga baya kamfanonin ƙasar suka fara yin nasu da araha. Daga Oktoban 2018 aka gwada jinin kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni, aka ba waɗanda aka samu da cutar magani. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Ƙasa ɗaya ce, gwamnati ɗaya, cuta ɗaya. Na'urar da aka yi wa biki ba ta warkar da kowa ba, ƙwayar da aka gwada ta warkar da miliyoyi.

Sandar ta sake ɓullowa a Iran ranar 15 ga Afrilun 2020, inda kwamandan dakarun juyin juya hali, Janar Husaini Salami, ya nuna wata na'ura mai eriya da aka ce tana gano korona daga nisan mita 100 cikin daƙiƙa biyar. Ƙungiyar masana kimiyyar lissafi da ɗabi'a ta ƙasar ta yi watsi da iƙirarin, kuma ba a ga na'urar ta yi aiki a asibiti ba.

A wannan watan ne kuma shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya ƙaddamar da Covid-Organics, jiƙon da aka haɗa da tazargade, ya ce rigakafi ne kuma magani. An aika wa ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar da Nijeriya. Da aka nemi hujja, sai aka ce ana raina shi ne don na Afirka ne. Zuwa watan Yuli cutar ta tsananta har aka sake rufe babban birnin ƙasar, Antananarivo. Tazargade ba abin rainawa ba ne. Daga cikinsa masaniyar Sin Tu Youyou ta fitar da sinadarin da ake yin magungunan zazzabin cizon sauro na yau da shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ganyen ya sami wannan matsayi ne bayan shekaru ana gwaji, kuma a kan zazzabi aka tabbatar da shi. Tabbatuwarsa a kan cuta ɗaya ba ta zama hujja a kan wata.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Gambiya. A Janairun 2007 Yahya Jammeh ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, ya sa majinyata suka daina shan maganin asibiti da ke riƙe da rayuwarsu. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakka, korar ta aka yi daga ƙasar. Bayan faɗuwarsa, waɗanda suka tsira sun ba da shaida a gaban hukumar binciken gaskiya kan 'yan'uwansu da suka mutu a cikin shirin.

Masu kuɗi da manyan digiri ma ba su tsira ba. Kamfanin Theranos na Amurka ya ce zai yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jini daga ɗan yatsa. An yi wa kamfanin kuɗi dala biliyan 9, a hukumar gudanarwarsa akwai tsofaffin sakatarorin harkokin waje biyu, Henry Kissinger da George Shultz, manyan mujallu kuma suka yi ta yabo. Babu wanda ya ga sakamakon gwajin da wani na waje ya yi. A 2015 ɗan jarida John Carreyrou ya tona asirin, a 2022 aka yanke wa mai kamfanin, Elizabeth Holmes, ɗaurin fiye da shekara 11.

Shakka ma tana da nata ramin

Wani zai karanta duk wannan ya ce to kada a yarda da komai. Mun riga mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya dace. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka da aka fara raɗe-raɗin cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi, bai dawo a Kano ba sai Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, daga maƙwabta har Sudan da Yaman da Indonesiya, yara da yawa suka nakasa har abada. Yaran da aka ɗiga wa maganin a waɗancan shekaru yau su ne iyaye masu 'ya'ya. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Mai yarda da sandar McCormick don Bature ne ya kawo ta, da mai ƙin rigakafi don Bature ne ya kawo shi, kuskure ɗaya suka yi: sun yanke hukunci bisa wanda ya kawo abu, ba su tambayi gwajin da aka yi masa ba. Mu da malamanmu suka shekara ɗaruruwa suna bin diddigin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya kafin su karɓi magana, bai dace a ce saƙon WhatsApp marar asali ya fi ƙarfinmu ba.

Abin da ya rage gare mu

Tun da hare-hare suka yawaita a yankin Tafkin Cadi da Sahel, masallatai da makarantu da yawa suna da sandar bincike a ƙofa. Ta gaske tana da batir, ƙarfe kawai take ganowa, kuma sai an matso da ita jikin mutum. Kwamitin masallaci zai iya gwada tasa kafin kowace Juma'a: a sa makulli a aljihun wani ba tare da mai binciken ya sani ba, a ga ko za ta yi ƙara. Mun sha ganin ana shafa wa mutane sandar da batirinta ya daɗe da mutuwa. Duk wanda kuma ya zo da na'urar da ya ce tana gano bam daga nesa, a ajiye masa akwati huɗu. Matasan da suka san fuskokin unguwa, suke lura da baƙuwar jaka ko babur da aka ajiye ba mai shi, sun fi kowace sanda amfani.

A ɓangaren lafiya, da yawanmu mun ga masu yawo da kwamfuta da wani ɗan ƙarfe da ake damƙa wa mutum a hannu. Cikin minti ɗaya allo zai jero masa halin hantarsa da ƙodarsa da sukarinsa da ƙashinsa, ba jini ba fitsari, sannan a ciro masa kwalaben magani na dubban sefa ko naira. Gwajin wannan ma mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya zauna sau biyu, a canza suna da shekaru a karo na biyu, a kwatanta takardun. Haka nan mai lasifika a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci da kwalba ɗaya mai maganin basir da hawan jini da sukari da rashin haihuwa. Ambaton Allah a bakin mai talla ba ya zama shaidar abin da ke cikin kwalbarsa. Wanda duk ya ce wa mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko ƙanjamau, ko tarin fuka ya ajiye maganin asibiti, yana wasa ne da ran mutum, kuma bai kamata a ba shi lasifikar masallaci ko filin harabarsa ba.

Ga ɗalibanmu, musamman masu kula da zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na makarantu da ƙungiyoyi, kafin a tura labarin sabuwar na'ura ko sabon magani a tsaya a tambaya. Wa ya gwada shi ban da mai sayarwa? A gwajin, an rufe wa mai gwadawa hanyar sanin amsa? Sau nawa aka gwada, sau nawa ya faɗi? In ya kasa, mai shi yana amsa kuskure ko kullum laifin wani ne? Wa zai sami kuɗi in mun yarda? Me za mu daina yi in mun yarda? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, domin a Karrada binciken mota aka daina, a Gambiya kuma shan magani. Yanzu da kwamfuta ke iya ƙirƙirar bidiyon likita ko malami yana tallar abin da bai taɓa gani ba, da muryarsa da fuskarsa, ko karin maganarmu na gani ya kori ji sai an yi masa ƙarin bincike.

Muna kuma kira ga hukumomin ƙasashenmu da cewa duk kayan tsaro ko na asibiti da za a saya da kuɗin jama'a, a ba jami'o'inmu da ɗakunan gwaje-gwajenmu su gwada kafin a biya, a kuma bayyana sakamakon. Malamin kimiyya ɗaya da akwatuna huɗu sun isa su hana asarar da Iraƙi ta yi. Ma'aikacin da ya ɗaga hannu ya ce wannan abu ba ya aiki, a saurare shi, kada a yi masa abin da aka yi wa Isam Hajji a Masar ko wakiliyar da aka kora daga Gambiya.

Allah Ya kare mu daga sharrin mayaudara, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.